Cigiyar Jar Akuya: Daga Gazawa Zuwa Gidan Rumji

Labarin wata tafiya na kawo muku, wadda na yi bayan damanar 2024, daga nan Gazawa har Gidan Rumji, da littafi a hannu ina cigiyar akuyar da ba tawa ba.

Ba sai na tuna muku waccan damanar ba, kowa ta ji a jikinta. A ƙasarmu Nijar kusan mutum 400 suka rasu, sama da miliyan 1 ruwa ya taɓa, kuma jiharmu ta Maradi tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. An ƙidaya mutane, an ƙidaya ɗakuna da rumbuna. Amma akwai asarar da ta faɗo a kanmu mata kai tsaye, ita ce ta bisashe: awaki, tumaki, kaji, zabi, har da jaki da kare da kyanwa.

Ga abin da ya sa asarar ta yi yawa. Da damana duk dabba tana ɗaure a turke don kar ta shiga gonar mutane. Turken kuma ina yake? Gindin katanga, inda akwai inuwa. To da ƙasa ta sha ruwa katanga ta kwanta, dabbar da ke ɗaure ba ta da inda za ta. Waɗanda masu su suka samu sukunin kwancewa cikin dare, su kuma suka bazama cikin gero, gero kuwa ya fi tsawon mutum a lokacin. Wasu suka dawo da safe. Wasu har yau.

A ƙungiyarmu akwai wata baiwar Allah da duk muke ce ma Gwaggo. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku. A asusunmu ta ci bashin jika 25, ta sayi jar akuya, da niyyar in ta haihu ta sayar da ɗa guda ta biya. A daren da bangon ɗakinta ya tsage, jikanta ne ya sa wuƙa ya yanke igiyar, akuya ta fita da ciki. Sati biyu a jere Gwaggo ba ta zo zubi ba. Na tafi gidanta na tarar da ita zaune bisa turmi, ɗakin an tokare shi da itace.

Na ce, “Gwaggo, lahiya ba mu gan ki ba?”

Ta ce, “Ɗiyata, da wane ido zan dubi akwati? Kuɗin mutane ne. Akuyar ta tahi da su.”

Wannan maganar ta hana ni barci. A zama na gaba na ɗauko littafin da muke rubutun yaƙi da jahilci, na tsaga layi, na ce duk wadda dabbarta ta ɓace ta faɗi kamanninta. Nan muka gane ba mu san dabbobinmu da baki ba, da ido kawai muka san su. Kowa ta tashi sai ta ce “ja ce”. To a ƙasar Maradi wace akuya ce ba ja ba? Sai da muka zauna muna tambaya ɗaya bayan ɗaya: ƙahon ya miƙe ko ya karkace, kunne da tsaga ko babu, haƙora nawa ta fitar, tana da ciki ko tana shayarwa. Ta Gwaggo kunnen hagu a tsage, ƙahon dama ya guntule tun tana ƙarama, ga ɗan fari a ƙafar baya. Muka kuma buɗe wani shafi na dabbobin da aka tsinta.

Da littafin na fara zagaya ƙauyukan da ke kewaye da mu, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci bisa amalanke. Wadda ba ta san Gazawa ba, gari ne a bakin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Maradi ta nufi Tasawa da Damagaram. Da can muna ƙarƙashin Agye, sai a 2011 aka ba mu namu yanki, mu da Gangara. Ƙasarmu jigawa ce da kwari. A kwarin ga goruba ga kaba, wadda muke saƙa tabarma da igiya da ita, har babban kwarin wannan yanki sunanta ya ɗauka, Gulbin Kaba. Shekara da shekaru za ki ga yashi ne kawai, yara na wasa a ciki. A waccan damanar duk wani kwari ya tuna aikinsa.

A ƙofar wani maigari na tarar da awaki huɗu da tunkiya da jaki ɗaya, an ɗaure su gindin bedi. Al'adarmu ke nan tun kaka da kakanni: wanda ya tsinci dabba ya kai wa maigari, a sa mai shela ya zagaya, ranar kasuwa a sake faɗi. Jakin ya fi ba ni tausayi, bayansa duk gyambo, ƙudaje sun rufe shi, ba wanda ya zo nemansa. Matar maigari ce ke wanke masa ciwon da ruwan gishiri tana ba shi ƙaiƙayi. Na duba awakin ɗaya bayan ɗaya, babu ta Gwaggo. Amma tunkiyar ta yi daidai da abin da wata ƴar ƙungiyarmu ta faɗa, har igiyar shuɗin ƙyalle a wuya. Ranar na san littafin nan ba wasa ba ne.

Ana cikin haka sai tafiya ta kama ni zuwa Gidan Rumji, in yi wa ƙanwata jaje, ita ma ɗakinta ya faɗi. Matan ƙungiya suka ce in tafi da littafi in riƙa tsayawa a hanya, don an ce wasu dabbobin da aka tsinta dillalai sun yi yamma da su. Suka haɗa mini kuɗin mota daga asusun taimako.

Zangon farko Agye. Watan goma ya kama, an fara yankan gero, ko'ina damma a jingine, mata na tsinkar wake, wasu na tonon aya, don ƙasar Agye da Cadawa ƙasar aya ce. Abin da ido ke fara gani a gonakinsu shi ne itatuwa: gawo, kalgo, sabara, aduwa. A yankin ne ƙauyen Ɗan Saga yake, wanda ya yi suna wajen barin kututture ya tofo a raine shi maimakon a sare. Matan da suka sauke ni sun ce a kwanakin da ciyawa ta nutse, harawa ta ruɓe a rumbu, ganyen itatuwan nan aka riƙa sassabo wa awaki. Na rubuta wannan a bayan littafi don in kawo muku.

A Agye ne kuma na ji labarin da ya sauya mini tunani a kan kare. Wata mata ta nuna mini ɗanta, yaro ɗan shekara kamar tara. Suna da kare mai suna Bar-su, mai gadin awaki. A daren ruwan, haushinsa da kartar ƙofa ne suka tashe su, suka fita, ba a jima ba rufin ya zubo. Da suka koma gidan dangi cikin gari, aka ce ba a shigo da kare. Suka bar shi a kango. Yaron ya daina cin tuwo, sai uwar ta lura kullum yana ɓoye rabonsa a riga yana fita. Ta bi shi, ta tarar da karen kwance bisa ƙasar ɗakin da ya rushe, haƙarƙari duk a waje, bai gusa ba kwana goma sha.

Ta ce mini, “Yaya, kunya ta kama ni. Shi ya hisshe mu, mu muka yashe shi.”

Ta samu mijinta da maganar, aka yi wa karen rumfa a gona. Mu Hausawa ba mu kwana ɗaki ɗaya da kare, ba kuma shi nake cewa a yi ba. Amma malamanmu sun sha gaya mana labarin wanda Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Mun san su sarai, a lokacin rikici ne muke mantawa.

Daga Agye muka bi ta Cadawa muka shiga Maradi da azahar. Can ne abin ya fi muni. Ranar Juma'a 30 ga watan takwas ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, cikin ƴan awoyi ya kashe mutum 15 a birnin, ya yaga tituna, ya ja motoci. Ƴan kwanaki bayan haka tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe, kowa ya gani a salula. Mutane da yawa a azuzuwan lakwal aka sauke su, shi ya sa gwamnati ta ɗage komawar yara daga 2 ga watan goma zuwa 28 ga wata. Wata ƴar ƙungiya ta zaga da ni unguwarsu ta bakin gulbi. Kango bayan kango, kyanwoyi na yawo bisa tarin ƙasa suna kuka, kaji sun koma kwana bisa itace. Wanda ya samu tabarma ɗaya a aji shi da ƴaƴa shida, ina zai sa akuya? Wasu a ranar suka sayar da tasu rabin kuɗi, don dillali ya san ba ka da turke.

Na je kasuwar dabbobi na yi ta duba kunnuwa har wuyana ya gaji. Jar akuyar Maradi ba a banza ta yi suna ba. Tana yawan haifar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma tun zamanin Turawa ake fita da ita waje don laushinta, har akwai gidan gwamnati a Maradi na kiwonta da inganta irinta. Amma in kina neman guda ɗaya cikin ɗaruruwa, duk sai su zame miki ɗaya. Wani dattijo dillali ya karanta shafina, ya yi dariya.

Ya ce, “Hajiya, mai ciki ba ta nisa. Koma gida ki nemi taki kusa. Akuya in ta firgita tudu take nema, ba kasuwa ba.”

Na ji haushin dariyar, amma na riƙe maganar. Na sayi kati na kira ma'ajiyarmu, na ce su sake bin ƙauyukan da ke kan tudu arewa da gidan Gwaggo, har da rugagen Fulani, kar su tsaya ga masu gari kawai.

Kashegari na kama hanyar yamma. An wuce Tibiri ta Gobirawa, hanya na bin gefen Gulbin Maradi. Shi wannan gulbi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ta wajen Jibiya inda aka yi masa dam, ya shigo ta Madarunfa, ya ratsa Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya. Ruwan ya ja baya a lokacin, amma ya bar shaidarsa: laka ta bushe ta tsattsage, dawa a kwance, leda da tsumma sun maƙale a rassan itace sama da kan mutum. Direba ya ce mu yi sauri mu isa da rana, don yankin bakin iyaka yana fama da ɓarayin shanu. Wannan ma wani ciwo ne: a can in dabba ta ɓace, ba ka sani ba ruwa ne ko mutum.

Na samu ƙanwata da yaranta lafiya, sai dai asara. Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce da kowa ke ce ma Inna. Ita ce ta ba ni dariya ta kuma ba ni kuka. Da ruwa ya shigo, jikokinta na ɗibar tufafi, ita kuwa ta ɗauki babbar roba ta wanki ta zuba kaza da ƴan tsaki, ta aza a ka, ta saɓa kyanwa a zane kamar jariri. Yanzu a tsakar gidanta akwai kyanwoyi biyar, ɗaya ce kawai tata.

Na ce, “Inna, ai an ce tsintacciyar mage ba ta mage.”

Ta ce, “Wanda ya hwaɗi haka bai ba ta hura ba. Je ki dubi rumbuna ki dubi na maƙwabta, ki gaya mini inda ɓera ya shiga.”

Gaskiyarta. Bayan ambaliya ɓeraye sun yi yawa, ɗan hatsin da ya tsira suna bin sa. Matan unguwa har layi suke a ba su ƴar kyanwa.

A Gidan Rumji ƙungiyar ƙanwata ta gayyato malamin dabbobi, na zauna na rubuta abin da ya faɗa. Ya ce dabbar da aka tsinta kar a haɗa ta da na gida nan take, a ware ta kamar sati biyu a ga ko tana tari, ko zawo, ko majina. A ɗaure ta wuri busasshe, don tsayuwa cikin laka na ruɓar da kofato. A ba ta maganin tsutsar ciki, kuma in ta daɗe da yunwa kar a cika mata dusa ko hatsi lokaci guda, cikinta zai kumbura, a fara da busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta. Wadda ta mutu a rufe ta cikin rami mai zurfi nesa da rijiya, kar a feɗe, kar a jefa a gulbi. In ma'aikata sun zo allurar rigakafi ta shekara, a fito da kowace dabba, har ta tsintuwa. Game da kare ya ja kunne ƙwarai: kar yara su kama karen da ba su sani ba, musamman mai dalalar da miyau ko mai cizon duk abin da ya gani. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita a ranar, don ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya warkewa.

Ina can kwana na uku salula ta yi ƙara. Ma'ajiyarmu ce, tana magana tana haki. An ga akuya mai tsagaggen kunne a wata ruga, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a ƙafa daga gidan Gwaggo. Ni da na je har Gidan Rumji! Dattijon nan ya fi ni gaskiya.

Amma magana ba ta ƙare nan ba. Da na dawo muka tafi mu huɗu da Gwaggo. Wata Bafulatana ce ta same ta maƙale cikin ƙaya, ƙafa ta kumbura. Ta yi jinyarta, ta faɗa wa ardonsu, sai dai labarin bai iso cikin gari ba. A hannunta akuyar ta haifi tagwaye, mace da namiji. Gwaggo na yin kiran da ta saba, akuyar ta ɗago kai ta taho tana jan igiya. Ba wanda ya ƙara tambayar shaida. Matar ba ta musa ba, amma ta ce kusan wata biyu tana ba ta dusa da kanwa daga aljihunta, ita ma ruwa ya ci mata tumaki biyu. Wasu daga cikinmu suka fara ɗaga murya, wai dabba da ƴaƴanta duk na mai ita ne. Na ce mu zauna tukuna. Da wannan matar ta so, da tuni ta kai ta kasuwa, wa zai sani?

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta ce, “Ƙanwata, riƙe macen. In ta girma ta haihu, ɗiyan naki ne, ki maido mini da uwar. Namijin in an yaye shi in sayar in biya asusu.”

Matar ta yi murmushi ta ce ai wannan shi ne habbanaye, abin da Fulani ke yi tsakaninsu tun fil azal. Aka tafa, aka sha hura da nono. Mu kuma a zamanmu muka ƙara wa Gwaggo wata uku ba tare da tara ba. Ta biya kafin wa'adin ya cika, kuma matar rugar yanzu tana zubi tare da mu.

Ba duka aka samu ba, kar in yi muku ƙarya. Fiye da rabin abin da ke littafina ba a gan su ba. Jakin nan na ƙofar maigari ya warke, mai shi bai zo ba, yana ɗebo wa unguwa ruwa. Wata kuma ta samu tata a wurin da komin ke tsare bisashen da aka kama, sai da ta biya kuɗin kwanakin da ta yi.

Ga abin da muka yanke a ƙungiyarmu, ko zai yi muku amfani. Duk dabbar da aka saya da bashin asusu, a rubuta kamanninta a littafi ranar da aka saye ta, mai salula mai hoto ta ɗauka. Kafin watan bakwai kowa ta matsar da turkenta daga gindin katanga zuwa wuri mai tudu, ta yi ɗauri mai zarge wanda yaro ma zai iya kwancewa cikin duhu. Mun ware dala biyar-biyar a kowane zubi don dusa da magani na dabbar tsintuwa, don wadda ta riƙe amana kar ta yi asara. Mun karɓi lambar shugabannin ƙungiyoyin ƙauyukan da ke kewaye, har da na ruga, cigiya ta riƙa tafiya a ranar. Kuma in an tashi daga gida, a san wanda zai riƙa leƙa kare da kyanwa da ruwa da ɗan abinci.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, iyayenmu suka koya mana cewa akwati mai makulli uku ba ya buɗuwa da hannun mutum ɗaya. Rabin dukiyar akwatin nan kuwa ba ta cikinsa, tana tsakar gidajenmu tana cin dusa. Ina roƙon kowace shugaba ta karanta wa ƙungiyarta wannan a zama mai zuwa, ku buɗe naku shafin tun sama ba ta haɗa hadari ba. Wadda kuma ta san labarin wata baƙar tunkiya mai farin goshi da ta ɓace kudu da Gazawa a waccan damanar, ta aiko mana ta hannun shugabarta, mai ita har yanzu tana tambaya.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da abin da muke kiwo. Sai mun haɗu a zubi.